Watandar Injiniya Kamalu

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara bakin tashar Magarya ya san Kamalu, ko da bai so ba. Rumfarsa ce mai shuɗin allo da aka rubuta INJINIYA da manyan baƙaƙe, sunansa na yanka kuma can ƙasa, sai ka duƙa za ka gani. Ya taɓa yin horo na sati biyu a Damagaram, kuma tun daga ranar bai ƙara yin hira ta minti biyar ba tare da ya ce "mu da muka yi karatu a Damagaram" ba.

Madam Karima, malamar ordinatar, wato kwamfuta, a babbar lekwal, makarantar garin, ita ta jawo shi cikin ƙungiyar masu fassara, don shi kaɗai ne wutarsa ba ta yankewa, yana da faifan rana a kan rumfa. Abin da suke fassarawa wata manhaja ce mai riƙe tarihin rubutu. In mutane da yawa suna aiki kan takarda guda, ita ce ke ajiye wanda ya ƙara, da wanda ya goge, da ranar da ya yi. Ɗaliban Madam suna koyon aiki da ita, amma duk sanda suka maƙale suka nemi taimako, sai ta amsa musu da Faransanci mai wuya. Masu manhajar sun ce za su sa Hausa a fitowa ta bana, muddin fassarar bayanin taimakon ta iso musu kafin la'asar ɗin wata Alhamis. In ta wuce, sai baɗi. Madam kuwa ta riga ta yi wa ɗalibanta alkawari cewa in sun dawo hutu za su tarar na'urar tana Hausa.

Saura kwana goma sha biyu sai aka kira ta Damagaram gyaran jarrabawa. Ta zo rumfar Kamalu da takarda a hannu.

"Kamalu, aikin da ya rage kafin a ba masu fassara shi ne share rubutun. An rubuta shi gutsi-gutsi. Inda ka ga an raba jimla biyu, ka haɗa ta, don mai fassara ya ga magana cikakkiya. Waɗannan alamomin kuma," ta nuna masa %s da wasu ƙananan baka, "kada ka taɓa su. Gurbi ne, nan na'urar ke saka sunan takarda. Na rubuta maka komai a nan, ɗaya, biyu, uku."

"Haba Madam! Ni za a rubuta wa ɗaya, biyu, uku? Mu da muka yi karatu a Damagaram?"

"Can ɗin zan je, Kamalu. Ka karanta dai."

Motarta ba ta fita gari ba, Gajere mahauci, wanda teburinsa ke manne da rumfar, ya leƙo yana neman abin naɗe tsire. Kamalu ya miƙa masa takardar ba tare da ya duba ba.

"Riƙe, Gajere. Daga yau ka rage hayaƙin nan, aikin duniya nake yi. Abin da zan taɓa yanzu, har a ƙasar Sin za a gan shi."

"To Injiniya, su ma wayarsu za ta dawo ba murfi kamar tawa?"

Kamalu bai kula shi ba. Ya buɗe rubutun, ya gyara zama. Abu na farko da ya tsone masa ido shi ne alamomin nan, birjik kamar kashin ɓera a rumbu. An ce masa shara, ga kuwa datti. Ya nemo su duka ya goge a bugu ɗaya. Manhajar ta nemi ya rubuta dalilin canjin, don haka take yi duk sanda za a ajiye aiki. Ya rubuta: "Na share dattin da Turawa suka kasa sharewa."

Abu na biyu ya fi ba shi haushi. Ya karanta jimla ɗari bai ga sallama ko ɗaya ba. Rubuta kaza. Danna kaza. An ƙi.

"Gajere, ka ji rashin tarbiyya! Mutum ya shiga damuwa ya zo neman taimako, ko sannu babu. Wannan in ta yi wa tsohon malaminmu Mushe Sale haka, sai ya kwaɗe ta da sanda."

Kwana biyu ya yi yana ɗora wa kowace jimla gaisuwa a ka. Wadda ta yi kama da ta safe ya sa mata ina kwana, wadda ke ba da labarin ɓarna ya sa mata jaje.

Sai batun rabo ya taso. Masu fassarar uku ne: Mushe Sale, tsohon malamin lekwal da ya yi ritaya a Guci, Lubabatu, mai gabatar da shiri a gidan rediyon Bande, da Gimbiya, ƴar kasuwa a Mallawa, wadda taubashiyar Kamalu ce, ɗiyar kawunsa, ba ta taɓa raga masa ba tun suna yara. Ita ta fara bugo waya.

"Kai bawana, wancan karon ni aka jibga wa dogayen jimloli, Lubabatu ta samu ƴan guntaye. In ka sake aka yi haka, zan zo in kwashe cajojin rumfarka."

Bai ajiye wayar ba Lubabatu ta kira, ta ce ita fa masu wuyar ne suka faɗo mata. Mushe Sale bai kira ba, ya aiko direba da saƙo cewa shi babba ne, a san abin da za a ba shi.

Kamalu ya dafe kai. Gajere na juya tsire ya ce, "Ni wannan rigimar ban taɓa yin ta ba a watanda. Sa guda, mutum ashirin, kowa ya samu tsoka, kowa ya samu ƙashi, kowa ya samu hanta. A kasa, a jefa tsinke. Wa zai yi magana?"

Kamalu ya miƙe tsaye har ya bugi rufin rumfa.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni!"

Ya je ya buga rubutun duka a takarda, ya ari almakashin tela, ya zauna ya yanka kowace jimla gida uku: kai, ciki, da wutsiya. Ya zuba su a babban tiren Gajere ya cakuɗa da hannu biyu, don kada a ce ya yi son kai. Gajere ya kasa su tsibi uku, yana ɗaga wannan yana auna wancan, ya ɗauke ƴar doguwa daga nan ya mayar can. Aka samo tsinke uku, aka kira mai shayi da bai ga kason ba ya ɗora. Mutanen tasha suka taru suna kallo.

Mai shayi ya ce, "Injiniya, ba za ka sa musu lamba ba? In sun dawo yaya za ka gane wutsiyar wane ce?"

"Malam, kai da shayi aka san ka. Duk suna nan," ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Washegari ya ɗaure ƙulli uku a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kama hanya. A Bande, Lubabatu ta zazzage ledarta kan tebur, iskar fanka ta kwashi rabi, suka bi su da rarrafe har ƙarƙashin kujeru. Ta ɗaga guda ta karanta.

"Wannan cewa ta yi 'ko kuwa'. Ko kuwa me?"

"Sabon tsari ne, Lubabatu. Ke dai fassara abin da kika gani."

A Guci ranar kasuwa ce, ya tarar da Mushe Sale ƙarƙashin itacen bedi. Tsohon ya sa tabarau, ya jera guntayen kan tabarma, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, shekara talatin da biyu ina koyarwa, ban taɓa barin yaro ya tashi da rabin jimla ba. Ina sauran?"

"Suna Bande da Mallawa, Mushe."

"Me suka je yi?"

"Rabo ne ya kai su."

Mushe Sale ya dube shi ta saman tabarau. "To. Zan ƙarasa su da abin da ya dace."

"Yauwa Mushe, shi ya sa na ce a ba ka babban tsibi."

A Mallawa, Gimbiya ta leƙa ledar ta fashe da dariya har ta riƙe buhun wake.

"Wannan fassara ce ko kayan miya? Bawana, wa ya tauna maka takardar?"

"Ilimi ne, ba awon wake ba. Ki yi ki turo ta waya."

"Zan turo. Wallahi zan turo."

Ranar Litinin kaya suka dawo. Na Mushe Sale cikin kaye, littafin rubutu na ƴan lekwal, da kyakkyawan rubutu. Na Lubabatu a leda. Na Gimbiya ta waya, dogon saƙo, wanda Kamalu ya kwafe ya zuba yadda yake, don ba ya son karanta abin da ya fito daga hannunta. Ya zauna zai haɗa. Ya ɗauki kai guda, ya ƙwanƙwasa goshi, goshi bai amsa ba. Ya sake ƙwanƙwasawa. Shiru.

Nan gumi ya fara. Ya haɗa wasu don tsawonsu ɗaya. Ya haɗa wasu don takardunsu sun yi maiƙon tire iri guda. Sauran ya rufe ido ya damƙo. Duk sanda ya ajiye, manhajar ta tambaye shi dalili, shi kuwa ya ɗauka ba mai karantawa, sai ya riƙa faɗa mata cikinsa kamar mai magana da bango.

Da ya gama ranar Talata, sai ƙarfin hali ya dawo masa. Ya duba rubutun daga nesa ya ga ya cika fam, ba gurbi, ba datti. Irin wannan aiki ai ba a tura shi a ɓoye. Ya sa Lubabatu ta yi shela a rediyo cewa ranar Laraba da hantsi, a zauren taro na lekwal, Injiniya Kamalu zai nuna ordinatar mai jin Hausa. Ya gayyaci sakataren meri, wato ofishin magajin gari, da iyayen yara, da masu fassara. Madam ba za ta dawo ba sai Laraba da yamma, ya lissafa, za ta tarar an gama tafi.

Zaure ya cika. Aka rufe tagogi da zannuwa, aka kunna majigi, fuskar ordinatar ta bayyana a bango. Kamalu ya sha babbar riga da ya aro, ya yi jawabi na rabin awa, Damagaram ta fito sau tara. Gajere ne ya ƙirga.

"Yanzu ina roƙon mai girma sakatare ya zo ya gwada da hannunsa."

Sakatare ya zauna, ya rubuta ƴar wasiƙa ta gwaji mai layi biyar, ya ce, "To, yaya zan ajiye ta?"

"Tambaye ta, ranka ya daɗe. Za ta gaya maka da harshen uwarka."

Sakatare ya danna neman taimako. Rubutu ya fito a bango, Lubabatu ta karanta da muryar rediyo:

"Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Don ajiye aikinka, goge shi gaba ɗaya, kuma ka riƙa wanke hannu kafin cin abinci."

Mushe Sale ya gyaɗa kai. "Ƙarshen nawa ne."

Sakatare mutum ne mai bin umarni, shekara ashirin yana aikin gwamnati. Ya goge. Wasiƙa ta ɓace. Bango ya ce:

"Sannu da haƙuri, Allah Ya mayar da alheri. An goge."

"An goge me?" in ji sakatare.

"Ba ta faɗa ba," in ji wata mata daga baya. "Ta dai yi jaje."

"Ladabi ke nan!" Kamalu ya ɗaga murya. "Kun ga? Ba ta tona asiri. Ranka ya daɗe, tambaye ta yadda za ka dawo da ita."

Sakatare ya tambaya.

"Barka da rana. Idan kana son dawo da abin da ya ɓace, muna gaida masu saurarenmu na Bande da kewaye, ko kuwa."

"Ko kuwa me?" zaure ya tambaya baki ɗaya.

"Ni ma abin da na tambaye shi ke nan," in ji Lubabatu.

"Rezon intanet ne," in ji Kamalu. "Rezon yau ba kyau."

"Injiniya, ai ba a haɗa ta da rezo ba," in ji Gajere. "Kai ka ce ba ta buƙata."

"Sake dannawa, ranka ya daɗe!"

Sakatare ya danna. Wannan karon Lubabatu ta fara karantawa, ta tsaya, ta toshe baki da mayafi. Gimbiya ce ta miƙe daga kujerarta ta ƙarasa mata, tana bin kowace kalma a hankali:

"Ina wuni. Idan na'urar ta ƙi aiki, ban gane wannan guntun ba, Kamalu ne ya yanka shi da almakashin tela, ku tambaye shi, tun yana yaro haka yake."

Zaure ya ɗauka. Wani tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kamalu ya ɗaga hannu biyu, babbar riga na zamewa.

"Jama'a, ku saurara! Ni aikina tsaf na miƙa. Masu fassara ne suka ɓata. Ni ko layi ɗaya ban taɓa ba, Madam ce ta bar shi haka!"

"Wace Madam?"

Tana tsaye bakin ƙofa da jakar tafiya a kafaɗa. An gama gyaran jarrabawa da wuri, kuma a cikin mota ta ji shelar rediyo. Ta gaida sakatare, ta gaida Mushe Sale har ƙasa, ta ajiye jaka, ta ja kujera.

"Madam, sannu da hanya, ai da kin huta tukuna, kin sha ruwa..."

"Na sha a Bande. Ka ce ba ka taɓa ba ko? Bari mu tambayi mai riƙe tarihi."

Ta buga kalma biyu. Bango ya cika da layuka, kowanne da suna da rana da dalili. Sunan guda ne daga sama har ƙasa. Ta riƙa gangarawa a hankali yadda kowa zai samu karantawa, masu karatu suna faɗa wa marasa karatu.

Kamalu, Asabar: Na share dattin da Turawa suka kasa sharewa.

Kamalu, Lahadi: Na koya mata gaisuwa.

Kamalu, Litinin: Wannan kan ba shi da wutsiya.

Kamalu, Litinin: Na samo masa wata.

Kamalu, Litinin: Wayyo Allah.

Kamalu, Litinin: Da na sa lamba.

Kamalu, Talata: In an tambaya, Gimbiya ce.

Kamalu, Talata: Allah Ka sa a ƙara wa Madam kwana goma a Damagaram.

"Amin bai karɓu ba," in ji Gajere.

Gimbiya ta riga ta cire takalmi ɗaya. Kamalu ya duba ƙofa, ya ga Mushe Sale ya gitta sandarsa a bakinta.

"Madam," ya ce da ƙaramar murya, "ba a iya goge wannan wurin?"

"Shi ne kaɗai abin da ba ta yarda a yi mata da wasa. Zauna."

Ta sake buga layi ɗaya, rubutun ya koma yadda ta bar shi ranar da ta tafi, da alamominsa da komai. Amma fassarar kwana goma ta tashi a banza, kuma gobe Alhamis. Madam ta duba agogo, ta duba zaure.

"Duk mai jin Faransanci kada ya fita. Wanda ba ya ji ma ya zauna, shi zai gaya mana in Hausar ta yi daɗin ji."

Haka aka yi. Ita tana haɗa jimlolin da aka raba, tana karanta kowace cikakkiya. Mushe Sale ya juya ta, Lubabatu ta gyara mata zama a baki, Gimbiya ta yanke abin da ya yi yawa, sakatare ya buga. In an yi gardama sai a jefa wa zaure, matan baya su ce, "A'a, ba haka ake faɗa ba." Mushe Sale ya nemi a bar masa wanke hannu ko sau ɗaya, aka ƙi. Kamalu aka ba shi riƙon zanen taga da iska ke ɗagawa, ya wuni tsaye hannu a sama, yana ba da shawara ba mai amsawa. Aka tashi da magariba, aka dawo da sassafe. Ana kiran la'asar ranar Alhamis Madam ta danna turawa, ta jingina da kujera ta rufe ido.

Bayan sati uku amsa ta zo: an karɓi Hausa. Ranar da aka koma lekwal, ɗalibar farko da ta maƙale ta nemi taimako, na'urar ta gaya mata abin da za ta yi da Hausa, a jimla ɗaya, har da sunan takardar.

Tare da amsar, masu manhajar suka turo jerin godiya. Ba mutum ne ke rubuta shi ba, na'ura ce ke jera sunaye bisa yawan canjin da kowa ya ajiye. Kamalu ya gani a wayar Madam, ya yi kururuwa, ya ruga wurin mai fotokwafi. Kafin azahar takarda na manne a gaban rumfa, an ƙara mata girma har sau huɗu.

"Gajere, zo ka karanta! Na ɗaya a duk ƙasar Hausa: Kamalu, canji ɗari biyu da goma sha huɗu. Madam da duk iliminta tana ƙasana. Ni na rubuta? Daga waje ya zo!"

Gajere ya goge hannu a riga ya matso. Ya karanta layin farko, ya sauko na biyu, ya ga an manna masa tallar cajar waya daidai tsakiya.

"Injiniya, me ke ƙarƙashin nan?"

"Ba komai, takardar ce ta yage."

Gajere ya sa bakin wuƙa ya ɗaga tallar, ya karanta da ƙarfi don mutanen tasha su ji:

"Karima, canji ɗaya: an soke ɗari biyu da goma sha huɗu na sama."

Kamalu ya mayar da tallar, ya danne ta da babban yatsa.

"Ko a hakan," ya ce, "sai da ta bi ta kaina."